Asalin Haƙƙin Mallakar Rubutu a Ingila

Haƙƙin mallaka, wato ikon da doka ke bai wa marubuci na hana buga aikinsa ba da izininsa ba, ya samo asali ne daga rikicin 'yan kasuwa, domin tun daga 1557 ƙungiyar masu ɗab'i da dillancin littattafai ta Landan ce ta kankane harkar da yardar masarauta, kuma ɗan ƙungiyar da ya shigar da littafi a kundinta ya mallake shi har abada. Da dokar tace littattafai, wadda ke kare wannan iko na ƙungiyar, ta ƙare a 1695, dillalan suka yi ta kai kuka majalisa, har aka kafa dokar Sarauniya Anne a 1710, wadda ta ba marubuci shekara 14, da ƙarin 14 idan wa'adin ya cika yana raye.

Dillalan sun ci gaba da da'awar mallaka ta dindindin, har sai da Alexander Donaldson na Edinbara, mai sake buga tsofaffin littattafai da araha, ya kayar da su a Majalisar Dattawan Birtaniya a 1774, aka tabbatar cewa littafin da wa'adinsa ya ƙare ya zama na kowa.