Tsakiyar kaka ba tarkace ba ce

Sallah ta matso, mata sun fara buɗe adudu. In kin tarar da tsakiyar kaka a ciki, kada ki miƙa ma yara su yi wasa.

A watan Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdul Karim, ya biyo ayarin gishiri daga Abzin, ya ratsa Tasawa da Gazawa zuwa Katsina. Ta wannan hanya duwatsun kwalba sunka riƙa iso muna: a yi su a Benis ta Italiya, a sauke a Tarabulus, raƙuma su ƙetaro hamada da su. Wasu kuma daga kudu suke, aikin Nufawan Bida.

Tun wajen shekarun 1970 fatake ke sayen su da araha suna kai ma Turawa. Wanda ya rage a hannunki, riƙe shi. Ki goge da tsumma mai laushi da ɗan ruwa, ban da omo, ban da jabel. Ki shanya a inuwa, ki canza ruɓaɓɓen zare, ki naɗe daban.

Kuma tun kaka tana da rai, tambaye ta wa ya ba ta.