Tsohuwar Bidiyo da Talabijin ɗin Yau

Kamfanin JVC na ƙasar Japan ne ya fito da kaset ɗin VHS a 1976. Shekara goma sha huɗu bayan nan Turmin Danya ya fito a Kano, a 1990, Sangaya kuma a 1999, duk a kaset. Bikin aure da suna ma a kansa aka riƙa ɗauka. A 2016 Funai, kamfani na ƙarshe mai ƙera na'urar, ya daina.

Ni dai har yanzu ina da tawa. Wayoyinta uku ne: rawaya ta hoto, fara da ja na sauti. Talabijin ɗin yanzu kuwa da yawa HDMI kawai suka sani, sai an sa ɗan akwatin da ke juya siginar a tsakani. Mu na Ingila mun huta, tsarinmu PAL ne kamar na Najeriya. 'Yan'uwa na Amurka, naku NTSC ne, sai ku nemi na'ura mai karanta duka biyun.

Abin da ya fi damuna shi ne zaren kaset, danshi na sa masa fumfuna. Na fara kwafe nawa cikin kwamfuta, kuma da bikin yayata na fara, domin muryar marigayiya kakarmu na ciki.