Ƙyanƙyasar Ƙwan Mesa a Gida

Kanawa sun fi sanin mesa da fatarta, wadda ake jemewa a ɗinka jakunkuna da takalma. Masu kiwonta don sha'awa kuwa sun fi neman ƙaramar nan mai dunƙulewa kamar ƙwallo, wadda ake fitarwa daga Gana, Togo da Benin zuwa Amurka da Turai, bisa izinin yarjejeniyar CITES.

Takan yi ƙwai 3 zuwa 11, masu laushin ɓawo, manne da juna. Ba a juya su kamar na kaza, domin juyi na iya kashe ɗan da ke ciki; shi ya sa ake yi wa saman kowanne alama da fensir. Ana ajiye su cikin rufaffen akwati mai danshi, a zafin digiri 31 zuwa 32, tsawon kwana 55 zuwa 60.

Yanayin Kano ne babban cikas. Iskar hunturu takan busar da ƙwan har ya lotsa. Zafin bazara kuwa, da kan haura digiri 40, ya isa ya halaka shi a ɗakin kwano na unguwa irin Ƙofar Mata. Ga kuma ɗaukewar wuta: injin ƙyanƙyasa marar sola ko batir ba abin dogaro ba ne.