Tayar da injin ƙaramin jirgi da hannu: inda haɗarin yake

Wasu ƙananan jiragen sama, irin Piper J-3 Cub da aka ƙera a Amurka daga 1938 zuwa 1947, ba su da na'urar tayar da inji. Mutum ne ke tsayawa kusa da farfela ya fizgo ta da hannu har injin ya kama. Akan yi haka ma ga jirgi mai na'urar idan batir ɗinsa ya mutu.

Tushen haɗarin shi ne magneto, na'urar da ke ba buji wuta. Ba ta buƙatar batir. Da zarar farfela ta juya, ita kanta ke samar da wutar. Makunnin da ke gaban matuƙi yana kashe ta ne ta hanyar wata siririyar waya, kuma idan wayar ta tsinke, magneto na nan a kunne ko da makunni ya nuna an kashe. Shi ya sa ake ɗaukar kowace farfela tamkar wadda za ta iya tashi a kowane lokaci. Inji na iya kamawa ba zato, ko ya mayar da farfela baya, ta sare yatsu ko hannu, ko ta kashe mutum.

Haɗari na biyu ya fi ban mamaki: jirgi ya gudu ba kowa a ciki. A 1997, a jihar Ohayo ta Amurka, wani jirgi ƙirar Aeronca Champ ya ƙwace wa mai shi bayan ya tayar da shi shi kaɗai. Ya tashi sama, ya yi tafiyar fiye da kilomita 100 kafin ya faɗi cikin wata gona.

Hukumar FAA mai kula da sufurin jiragen sama a Amurka ta ce aikin na mutum biyu ne da suka samu horo: ɗaya a kujerar matuƙi yana danne birki, ɗaya a wajen farfela, shi ne kuma ke ba da umarni. Ana tokare tayoyi, a buɗe mai kaɗan kawai. Mai fizgar ya tsaya a ƙasa mai tauri, ba kan tsakuwa ko laka ba, kada ya naɗe yatsunsa a bayan farfelar, ya ja da baya nan take. Riga mai faɗi da rawani mai jela ba kayan wannan aiki ba ne.