Ciwo Kafin Wuƙar Likita: Daga Tarihin Omdurman da Khartoum

Makiyayin da ya san shaɗi ba zai yi baƙunta a Sudan ba. Larabawan Ja'aliyin suna da irinsa, ana ce masa buɗan: a zabga wa saurayi bulala a wurin biki, ko gezau. Wanda ya tashi a haka, in ƙaba ta fito masa, sai ya ɗaure da ƙyalle ya bi shanu shekara da shekaru. Ran da aka kai shi tiyata, likita ya tambaye shi ciwo, ya ce da sauƙi.

Ta mace kuwa daban ce. Ba ta ma isa gaban likitan ba. A 1921 wata Baturiya, Mabel Wolff, ta buɗe makarantar ungozomomi a Omdurman. Yawancin ɗalibanta ba su iya karatu ba, da ƙanshi da ɗanɗano suke gane magani. Matsalar da suka tarar ita ce kaciyar Fir'auna: macen da aka ɗinke, sai an tsaga ta kafin ɗa ya fito, ga naƙuda ga reza, kuma kunya ta hana ta ihu. Makarantar ta koyar da tsabtar kayan aiki da gane haihuwar da ta fi ƙarfin gida. An haramta wannan kaciya a 1946, amma doka a takarda ta tsaya. Sai a 2020 aka sa ɗaurin shekara uku kan kowace irin kaciyar mata.

Makarantar likitoci ta Kitchener a Khartoum ta fara a 1924, maza zalla. Sai 1952 Khalida Zahir, 'yar Omdurman, ta fito likita. Shekara 28 ke nan makarantar ba ta fitar da macen da 'yar'uwarta za ta buɗe wa ciki ba.

Kada a ce abin na Sudan ne kawai. Wani bincike a Amurka a 2008 ya nuna masu ciwon ciki a asibitin gaggawa, mata kan jira minti 65 kafin maganin zafi, maza 49. Namiji yana ɓoyewa, mace in ta faɗa a ce raki ne.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rufe yawancin asibitocin Khartoum. A lokacin, asibitin Al-Nau na Omdurman na cikin kaɗan da suka ci gaba da tiyata, inda mai harbin bindiga da mai naƙuda ke jiran likita ɗaya.