Korewa a Shuɗaɗɗen Lokacin Ingilishi: Shin Hausa ce Ke Haifar da Kuskuren "He Didn't Went"?

Tsakure

Maƙalar ta duba ikirarin da ake yawan yi cewa katsalandan ɗin harshen uwa ne ke sa ɗalibi Bahaushe ya rubuta "he didn't went". An kwatanta ƙirar korarriyar jimla a harsunan biyu, aka ga cewa da wuya a ce nahawun Hausa yana da hannu a ciki.

Gabatarwa

Ingilishi bai fara da tsarin korewa irin na "did not" ba. Jespersen (1917) ya nuna yadda korewa ta taso daga "ne", ta koma "ne … not", ta ƙare a "not" kaɗai. Ellegård (1953) kuma ya bi sawun yaɗuwar mataimakin aikatau "do". Yau dokar ita ce a ɗauke alamar lokaci daga aikatau a ɗora wa "did": "he went" ya zama "he did not go". Aikatau "be" da mataimakan aikatau irin su "could" ba su buƙatar wannan tallafi.

Tun da Lado (1957) ya ce bambancin harsuna ne tushen wahalar mai koyo, malamanmu suka samu jakin da za su ɗora wa kowane kaya. Duk kuskuren da yaro ya yi, sai a ce Hausa ce. Amma Dulay, Burt da Krashen (1982) sun lissafa irin wannan kuskure cikin abin da suka kira alama ninki biyu, kuma ana jin sa har a bakin yaran Turawa da ba su san wani harshe ba. Abin da ya rage shi ne a tambayi Hausa kanta.

Hanyar Bincike

An jera jimloli tabbatattu da korarru na harsunan biyu gefe da gefe, bisa bayanin Galadanci (1976) da Newman (2000).

Sakamako

A Hausa aikatau ba ya ɗaukar lokaci. Lamirin suna ne ke ɗauka. "Tafi" yana nan yadda yake a "sun tafi", "suka tafi" da "za su tafi". Wannan kaɗai ya isa ya raunana ikirarin, domin ɗalibin bai saba taɓa jikin aikatau don nuna lokaci ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi tana cikin korewar kanta. Hausa tana da shuɗaɗɗen lokaci iri biyu, "sun tafi" da "suka tafi", amma in aka zo korewa dukansu sukan narke su zama ɗaya: "ba su tafi ba". Ina "-n" ɗin "sun"? Ina "-ka" ɗin "suka"? Korewa ta tuɓe su. Yaro ɗan shekara biyar a Kano ba zai ce "ba suka tafi ba" yana nufin ba su je ba. Ke nan Bahaushe ya taso da ɗabi'ar sauke alamar shuɗaɗɗen lokaci a korarriyar jimla, abin da Ingilishi ke nema a "did not go". Da katsalandan ne ke aiki, taimako zai yi, ba ɓarna ba.

To daga ina "went" ɗin ta faɗo? A ganina daga allo. Ana sa aji ya rera "go, went, gone" har ya zauna daram, a ce "went" ta jiya ce. Yaro ya ga "yesterday" a jimla, hannunsa ya kai ga "went" kafin ya tuna "didn't" ta riga ta ɗauke nauyin. Ga shi kuma "went" ba ta da kama da "go" ko kaɗan. Asalinta daga tsohon aikatau "wend" ne. Wanda zai cire "-ed" daga "walked" wutsiya kawai zai yanke, amma mai komawa daga "went" zuwa "go" sai ya sauya kalma ɗungurungum.

Iyakar Bincike

Akwai ƙira ɗaya da mai jayayya zai iya kafa hujja da ita: "ba sun tafi ba ne, korar su aka yi". A nan doguwar "ba" tana rungumar jimla tabbatacciya ba tare da ta taɓa "sun" ba, kuma mai yiwuwa ne wani ɗalibi ya ɗauki "didn't" a haka. Sai dai wannan ƙira musun zance ce, ba korar aiki ba, kuma maƙalar nan nazarin ƙira ta yi, ba ƙidayar takardun ɗalibai ba.