Asalin Kalmomin Tafiye-tafiye a Harshen Ingilishi

Duk ma'aikacin da aka taɓa turawa kwas ƙasashen waje ya san wuyar haddace kalmomin tafiya na Turanci. A ganina, wanda ya san asalin kalma ba ya saurin mance ta.

Mu ɗauki kalmar travel. Tushenta shi ne travail ta Faransanci, wato wahala, domin a zamanin da tafiya azaba ce. Ita kuwa journey, asalinta tafiyar yini guda, tamkar yadda fatakenmu suke lissafi da zango. Holiday ma ranar ibada take nufi tun farko, kafin ta koma ranar hutu. A 1871 ne dokar Ingila ta tsayar da ranakun hutun banki.

Yawon buɗe ido, wato tourism, ya yi tashe ne a ƙarni na 18, sa'ad da 'ya'yan masu hali na Ingila suke zagaya Faransa da Italiya neman wayewa. Talaka bai sami shiga ba sai da jirgin ƙasa ya zo. A 1841 Thomas Cook ya kwashi mutum kimanin 500 daga Leicester zuwa Loughborough, kowa sule ɗaya.

Har ila yau, Ingilishi ma ya yi aro. Safari daga Swahili ya samo ta, tushenta kuwa Larabci ne, inda muka sami safara. Mu ma mun ari tasha da tikiti da fasinja, musamman bayan dogo ya iso Kano a 1911. Saboda haka, ɗalibi ya riƙa tambayar kowace kalma inda ta fito kafin ya haddace ta.